Kabarin da Chin Dom Ya Gina wa Kansa

Hai Quoi ya sayar da kabarin ubansa tun uban yana da rai. Ya sa aka tone uwarsa aka ƙona, sannan ya shekara biyu yana kawo wa tsohon mangwaron kasuwa yana cewa na gonar gida ne. A idon hukuma bai yi laifi ba, kowace takarda tasa da hatiminta. Amma a lungun da aka haife shi, bayan gaɓar ruwan Binh Dong a birnin Saigon, ba hatimi ake dubawa ba.

Tam Lua, maƙwabciyar tsohon, ita ta fara ganewa, kuma da wuƙa a hannunta ta gane.

Tana zaune kan 'yar kujerar roba a gefen gadon Chin Dom, tana fere masa ɗaya daga cikin mangwaron da ɗansa ya kawo. Ranar ce ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar Tu Gam, matar tsohon. Hai Quoi na tsaye a bakin ƙofa da riga mai guga da makullin mota a yatsa. Ya miƙa wa uban wayarsa yana nuna masa hoton kabari mai koren tayil, yana cewa da safen nan ya je ya share, ya cire ciyawa, ya kunna turare, komai lafiya lau.

Shekara talatin da uku Tam Lua ta yi tana sayar da 'ya'yan itace a bakin gaɓa kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ta juya mangwaron a tafin hannunta. Fatarsa sumul, babu ɗigon baƙin ƙaro, babu sawun tururuwa. Guda shida ne, duk girmansu ɗaya kamar an auna. An datse karan kowanne da almakashi.

"Bishiyar nan ta koyi tsafta," in ji ta. "Ko jemagun ƙauyenku na Can Giuoc sun yi ƙaura ne?"

Quoi ya yi dariya. "Gwaggo Tam, ke dai bakinki ba ya hutu. Taki aka zuba mata."

"Takin ne ya iya riƙe almakashi?"

Quoi ya duba agogo, ya ce yana da taro a unguwar Thu Duc, in ya ƙara minti goma cunkoson gada zai cinye masa yini. Ya dafa ƙafar uban ta kan bargo, ya fita.

Chin Dom dako ya yi tun yana saurayi, yana sauke buhunan shinkafa daga jiragen ruwa, da baya ya gaza ya koma facin tayar babur a bakin lungu. Duk shekarun nan bai taɓa kiran Saigon gida ba. Gida a wurinsa shi ne ɗan filin da ya gada a Can Giuoc, inda ya binne matarsa a ƙarƙashin mangwaro. Wata uku bayan binne ta ya koma da buhunan siminti, ya gina nasa kabarin a jikin nata da hannunsa. Da ya gama ya sauka ya kwanta a ciki don ya gwada tsawo, Tam Lua na tsaye a kansa tana zaginsa, shi kuma yana cewa akwai iska, ya fi ɗakinsa na lungu. A shekarar ya mayar da filin da sunan Quoi, tunda shi ne ɗan fari, don kada a wahalar da yara da takardu bayansa.

Shekara uku ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara hawa bas ba. Yanzu ƙoda ma ta gaza, likita ya ce a mayar da shi gida a ba shi abin da yake so. Autarsa Ut Men ce ke zaune da shi, ta yi masa wanka da asuba ta tafi masana'antar takalma, Tam Lua ta karɓi rana.

Ta sa masa yanki ɗaya a baki. Ya tauna a hankali, ya tofar a tafin hannunsa mai lafiya.

"Tam, gobe kina da aiki?"

"Ina da taro a Thu Duc."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Je ki duba mini gidana. Na kusa tarewa."

Abin da ya dame ta a daren da safiyar duka shi ne, bara ma ta ga irin wannan mangwaron, ta gane, ta yi shiru. Ta ce wa kanta ƙila yaron ƙiwa ce ta hana shi zuwa, ya saya a hanya. Ita ta ɗauki Quoi a kwankwaso lokacin da Tu Gam ke kwance da zazzaɓi. Ita ta sha rufa masa asiri in ya gudu daga makaranta ya ɓuya ƙarƙashin teburinta. Mutum ba ya saurin zargin wanda ya share wa majina.

Ta hau bas a tashar Cho Lon da sanyin safiya. Rabonta da hanyar tun kafin gwiwa ta zaunar da ita. Bayan Binh Chanh, inda a da gari ke ƙarewa gonakin shinkafa su fara, yanzu gari bai ƙare ba. Shagunan ƙarfe, gidajen mai, jerin gidaje masu kama ɗaya da ƙofa mai gadi, manyan alluna da hotunan unguwannin da ba a gina ba tukuna. Manyan motoci na ta wucewa suna girgiza tagar. Sai da ta wuce wurin saukarta, ta dawo da ƙafa tana ɗingishi, don 'yar gadar katakon da take ganewa da ita ta zama kwalbati. Tsamiyar bakin hanya ce kaɗai ta rage.

Daga tsamiyar ta ƙirga taku kamar yadda ta saba. Ta ci karo da shingen kwano shuɗi, ya fi ta tsawo. Ta leƙa ta wata kafa. An cike wurin da yashi an daddaɓe, kwantenoni a jere bisa juna har hawa huɗu. Babu mangwaro, babu kututturensa ma.

Wata mai sayar da kofi ga direbobi a ƙarƙashin tamfol ta kira ta ta zauna. Da ta ji sunan Chin Dom sai ta taɓe baki. Ta ce ai shekara biyu ke nan. Ɗan ya zo da sassafe da mutum huɗu, suka tone tsohuwar, suka wanke ƙasusuwan da giyar shinkafa, aka kai aka ƙona, tokar na haikalin da ke bayan kasuwa. Kabarin da babu kowa a ciki kuwa, da farko direban katafila ya ƙi taɓawa, sai da aka ƙara masa wani abu ya kunna turare ya roƙi gafara. Sau biyar ya doka kafin ya fashe.

"Wanda ya gina shi bai yi ha'incin siminti ba," in ji mai kofi. "Amma Inna, wane irin miji ne wannan? Ɗan ya ce uban ne ya matsa a sayar, wai ya gaji da ƙauye. Tsofaffin nan har yau in an ambaci sunansa sai sun tofar da yawu."

Tam Lua ta ajiye kofin ba ta sha ba. Ta ce uban yana kwance a Saigon yana jiran a kawo shi nan, bai san komai ba. Mai kofi ta rufe baki da hannu.

A gindin shingen, cikin ɓaraguzan da aka ture waje, ta tona da sandarta har ta sami ɓallin koren tayil, bai kai tafin hannu ba. Ta san shi. Ita ta raka Chin Dom kasuwa ranar da ya zaɓi tayil ɗin, ta ce masa launin banɗaki ne.

A haikalin wata dattijuwa mai shara ta kai ta ɗakin toka. Kantoci ne daga ƙasa har rufi, tuluna a jere. Na wasu da hoto da fure da ƙoƙon ruwa. Na Tu Gam yana layi na huɗu, babu hoto, sai suna a guntun takarda da aka manna, ƙura ta rufe murfin. Tam Lua ta goge shi da hannun rigarta.

"Gam, ashe nan suka ajiye ki kamar tulun romon kifi a kanti," ta ce. "Ni kuma ina can ina fere mangwaro."

Ta kunna turare uku, ta tsaya har suka ci rabi.

Da la'asar ta sauka a bakin titinsu, ta tarar da farar motar Quoi a bakin lungu, inda ubansa ya shekara ashirin yana faci. Ut Men ce ta gaya masa a waya inda Gwaggo ta tafi, ba tare da ta san abin da ta faɗa ba. Ya fito da sauri ya karɓi jakarta kamar yaron kirki. Ya yi magana mai tsawo da murya ƙasa ƙasa. Ya ce titi zai bi ta wurin ko ya so ko bai so ba. Ya ce kowa ya sayar, shi ne ma na ƙarshe. Ya ambaci makarantar 'ya'yansa, da gidan Thu Duc, da maganin tsohon. Ya ce ya riga ya tsara komai: in abin ya faru, za a ce hukuma ta hana binne mutum a gona, a ƙona shi cikin mutunci, babu wanda zai ji ciwo.

"Kwana nawa ya rage masa, Gwaggo? Ki bar shi ya tafi da farin ciki. Ki ce kin ga komai daidai. Kin saba rufa mini asiri."

"Wancan lokacin ayaba kake sata."

"Gwaggo."

"Sayarwar na ji. Mutum na iya matsuwa. Wa ya hana ka durƙusa gabansa ka faɗa? Wa ya ce ka gaya wa mutanen ƙauye shi ya sa ka? Ka ci filin, ka ci sunansa, yanzu kuma bakina kake so ka haɗa?"

Ya ce idan tsohon ya mutu da baƙin ciki, ita ta kashe shi. Ta karɓe jakarta ta shige lungu. Bai biyo ta ba.

Maganar tasa ta bi ta har ƙofa. Lungun taku sittin ne, kuma a kowane taku tana shirya ƙarya. Za ta ce ciyawa ta ɗan yi yawa. Za ta ce tayil ɗaya ya tsage. Ta wuce mai aski, ta wuce matar da ke soya ayaba, ba ta gaishe su ba.

Chin Dom na kwance yana kallon ƙofa. Fanka na juyawa, hoton Tu Gam na bisa teburin magabata, inda ake kunna wa mamatan gida turare, da sauran mangwaro biyar a faranti gabansa.

"Ya gidan?"

Ta watsar da duk ƙaryar da ta shirya. Ta zauna, ta buɗe hannunsa mai lafiya, ta sa ɓallin tayil, ta rufe. Ya shafa shi da babban yatsa, ya bi gefen da ya karye. Bai kalle shi ba. Sannan ya tambaya.

"Gam fa?"

"Tana haikalin bayan kasuwa. A tulu."

"Wuta?"

"Wuta."

Ya rufe ido. Tu Gam mace ce da har ta mutu ba ta yarda ta kunna murhun gas da kanta ba.

Ta gaya masa sauran, har da abin da ake faɗa a kansa a ƙauye, don ta ga rabin gaskiya ba zai yi masa amfani ba. Ta kuma gaya masa cewa tun bara ta gane ta yi shiru.

"Ni ma tun bara na sani," in ji shi. "Namu tsami gare shi, Gam kaɗai ke iya cinsa da gishiri da barkono. Na zaci bishiyar ce ta mutu yake ɓoye mini don kada in damu. Har na ji tausayinsa, Tam. Bishiya kawai na zata."

Washegari ya sa aka kira masa shugaban lungu da mai aski, Ut Men kuma ba ta je aiki ba, idanunta sun kumbura. A gabansu ya faɗi abu uku, a hankali, saboda harshensa ya yi nauyi. A ƙona shi, tunda Gam ta shiga wuta shi ma zai shiga, a ajiye tulunsa a jikin nata. Kaskon turare da teburin magabata na Ut Men ne. Hai Quoi kuma kada a ba shi farin ƙyalle.

Shugaban lungu ya gyara zama. Ya ce Yaya Chin ya yi haƙuri ya sake tunani, hana ɗan fari ɗaura ƙyallen makokin ubansa abu ne da zai bi shi har jikokinsa, shi tunda yake sau ɗaya ya taɓa gani.

"Za ka ga na biyu," in ji tsohon. "Wanda ya rushe kabarina ya gama binne ni tuntuni. Makokin me zai yi kuma?"

Ya ƙara kwana tara. Sau biyu Quoi ya zo da gwangwanayen madara masu tsada, ya tsaya a gefen gado yana cewa Baba, Baba. Tsohon ya juya fuska bango. Ko a lokacin Quoi bai durƙusa ba. Bayani ya ci gaba da yi wa bayan ubansa, kan titi da farashi da yadda zamani ya canja.

Tsohon ya rasu da hantsi, ranar da ruwan farko ya sauka. Tam Lua na ba shi kunun shinkafa, ya karɓi cokali biyu, ya kau da kai daga na uku. Ta tashi ta rufe taga saboda feshi, ta jawo bokiti ƙarƙashin inda rufin ke yoyo. Da ta dawo ya riga ya tafi, tayil ɗin na cikin hannunsa. Ta shafa masa ido, ta kashe fanka, ta tsayar da agogon bango, sannan ta leƙa ta kira mai aski.

Quoi ya ɗauki jana'izar a kansa kamar ba a faɗi komai ba. Ya zaci magana ce ta mai ciwo, kuma babu wanda zai iya aikata ta a gaban jama'a. Ya kafa rumfa ta rufe rabin lungu, ya ɗauko masu busa ƙaho da fararen kaya, ya kawo akwati mai sassaƙa. Abokan aikinsa suka zo daga Thu Duc da manyan furanni, suka zauna suna shan shayi suna ɓare 'ya'yan kankana, suna yaba irin ɗan da tsohon ya bari.

Da malamin haikali ya gama karatu aka kawo tiren fararen ƙyallaye. Iyali suka durƙusa gaban akwati bisa tsarin haihuwa, Quoi a gaba, ya ɗaga hannu biyu. Ut Men ce ya kamata ta riƙe tiren, amma kuka ya hana ta. Tam Lua ta karɓa.

Malamin ya miƙa hannu zai ɗauki na farko. Ta ce masa, da muryar da ta shekara talatin tana kiran masu saye da ita, mamacin ya bar wasiyya a gaban shaidu. Malamin ya dubi shugaban lungu. Shugaban lungu ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa. Mai aski ma ya gyaɗa.

"Gwaggo Tam," Quoi ya ce a hankali, "mutanen ofishinmu na nan."

"Na gan su. Sun sha shayi?"

Malamin ya tsallake shi. Ya ɗaura wa Ut Men, ya ɗaura wa matar Quoi, ya ɗaura wa 'ya'yansa biyu. Masu ƙaho suka yi shiru don ba su san abin da za su busa ba. Quoi na nan durƙushe, hannunsa a sama, har aka gama. Ƙyalle ɗaya ya rage a tire. Tam Lua ta naɗe ɓallin tayil a ciki, ta sa a akwatin kusa da kafaɗar tsohon kafin a buga murfi.

Ranar fita, masu ɗauka suka sunkuyar da akwatin sau uku gaban ƙofar gidan, ya yi sallama da lungun da bai taɓa kira gida ba. Ut Men na gaba da kaskon turare. Bayan kwana biyu ita da Tam Lua suka hau bas ɗin Can Giuoc da tulu a cinya. Dattijuwa mai shara ta matsar da wani tulu ta yi masa wuri a layi na huɗu. Ut Men ta manna hotunan iyayenta biyu. Kafin su koma, Tam Lua ta bi tsofaffin ƙauyen gida gida da sandarta, ta gaya musu wanda ya sayar da filin.

Hai Quoi bai ɗaura wa ubansa farin ƙyalle ba. A baya ya bi gawar, cikin jerin baƙin da suka zo, kansa a buɗe. Shekara huɗu ke nan, duk ranar tunawa da rasuwar tsohon Ut Men na jera tebura a lungu, ba a sa masa kujera. Yakan tsayar da motarsa a bakin titi, ya sauke kwandon mangwaro a inda tsohon ke faci, ya koma ya zauna a ciki da gilashi a rufe. Kwandon na nan har yamma babu mai taɓawa, sai mai kwasar shara ta zo ta ɗauke.